Gaisuwar Mutuwar Mai Rai

Fadilu ɗan Malam Modu mai awo ba wani jarumi ba ne, kada in yi muku ƙarya. Siriri ne, mai kunya, wanda ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya kau da kai. Ya bar lakwal, wato makarantar boko, tun yana aji shida, ya yi kabu-kabu a tashar Gure har babur ɗin ya mutu a hannunsa, ya koma gona, gona kuwa ta yi shekara uku tana mayar masa da kara ba zangarniya. Da aka yi shelar ɗaukar soja sai ya je ya tsaya a layi, aka auna tsawonsa, aka duba haƙoransa, aka ce ya yi. Yana da shekara ashirin da huɗu a lokacin, da mata ɗaya, Balkisa, wadda ciki ya zube mata har sau biyu.

Ubansa kuwa, Malam Modu, duk Gure ta san shi. Shekara arba'in yana awon gero a kasuwa da tiya ɗaya, kuma in ya ce tiya goma ce, to ba mai sake aunawa, ko Bafillacen da ya taso daga Gamu yana zargin kowa. Ba a taɓa kama bakinsa da ƙarya ba. Mutum ne mai wuyar sha'ani, ba ya yawan dariya, amma ranar da Fadilu zai tafi shi ya rako shi har tasha, ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Ka je, Allah ya tsare. Ka riƙe salla, ka riƙe bakinka."

Aka tura shi gabas, bayan Difa, wani sansani a bakin kogin Komadugu. Sansanin ba komai ba ne illa ramuka da buhunan yashi da rumfunan tamfol. Da rana ƙarfen bindiga ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Da damina sauro ya hana mutum cin tuwo, ka buɗe baki su riga loma shiga. Shinkafa ce kullum, wani sa'in da mai, wani sa'in haka nan fara tas, ruwan sha kuma sai motar tanki ta zo, in ta zo. Ƙafafunsa suka ruɓe cikin takalmi har yatsu biyu suka zubar da farce. Amma duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin mutum shi ne hanya: ba ka san inda 'yan bindigar nan suka binne nakiya ba, kana zaune bayan kamiyo, babbar motar soja, kana kallon ƙasa, kana ƙirga numfashinka har ku isa.

A bayan sansanin akwai wani tudu inda rezo, wato layin waya, yake kamawa in an yi sa'a. Nan za ka ga sojoji bayan la'asar, ƙarti masu gemu, kowa ya ɗaga talho sama kamar mai roƙon ruwa. Nan Fadilu yake jin muryar Balkisa a saƙo, ya saurara sau biyar, sau goma, ba don maganar ba, don ƙarar turmin maƙwabta da kukan awakin gidansu da suke shigowa a bayan muryarta. A kan tudun nan ya ji cewa ta samu ciki bayan hutun da ya yi, kuma a kansa ya yi wata tara yana fargaba. Ranar wata Laraba yayarsa Yabawa ta kira tana guɗa: Balkisa ta sauka lafiya, mace.

Shekara shida suna jiran wannan haihuwa. Fadilu ya je wajen Ajidan Sha'ibu, shugaban rukuninsu, ya nemi parmisiyo, wato takardar izinin zuwa gida. Ajidan ya yi masa barka da zuciya ɗaya, sannan ya girgiza kai. "Haihuwa ba ta cikin lissafi a wannan lokaci, ɗana. Sai rasuwa: uwa, uba, mata ko ɗa. Ka yi haƙuri, za ka gan ta tana rarrafe."

To akwai wani abokinsa a ramin gardi, Ɗan Kasuwa ake ce masa, ɗan Gidigir, sarkin dabara, mutumin da zai iya sayar maka da takalminka kana sanye da shi. Shi ya ja Fadilu gefe.

"Kai dai wallahi ba ka da wayo. Tsohuwarka ta rasu tun kana yaro, wannan ta wuce. Tsohonka fa?"

"Yana nan lafiyarsa lau."

"To ka ce ya rasu."

"A'uzubillahi! Baban nawa?"

"Baki ke kashewa ko Allah? Ni nan da kake gani, na binne kakata sau uku, jiya ma ta aiko min da ƙuli-ƙuli. Ka bari kwana biyu su wuce, ka je da jan ido. Wa zai bi ka Gure ya duba?"

Kwana biyu Fadilu yana cewa ba zai yi ba. A rana ta uku ya kalli hoton jaririyar da aka turo masa, ɗan hannunta a dunƙule, sai ya tashi ya je. Ba sai da ya murza ido ba ma, tsoron abin da zai faɗa ya isa ya sa shi kuka. Ajidan ya rungume shi, aka rubuta a takarda cewa mahaifin soja Fadilu Modu ya rasu, aka ba shi kwana goma.

Ya isa Gure ana gobe suna. Kai, ranar Fadilu ya yi farin ciki! Aka yanka rago, aka raɗa wa yarinya Raihana. Malam Modu da kansa ya ɗauke ta ya tofa mata addu'a, har aka ga haƙoransa, abin da mutanen unguwa suka ce rabonsu da gani tun shekarar da aka yi yabanya mai kyau. Ya tambayi ɗansa yadda aka yi suka sake shi, Fadilu ya ce manyansa mutanen kirki ne. Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma kirkin nasu ne ya kashe shi.

Kwana biyu bayan suna, da azahar, Malam Modu yana zaune a tabarma ƙofar gida tare da amininsa Malam Fannami da wasu tsofaffi biyu, Fadilu yana zuba musu shayi. Sai ga motar soja ta shawo kwana ta tsaya. An aiki Ajidan Sha'ibu Damagaram ɗauko kaya, hanya kuwa ta Gure ta bi, shi kuma ya ce ba zai wuce garin yaronsa bai yi ta'aziyya ba. Ya tambaya a tasha aka nuna masa gidan. Ya sauko da sojoji huɗu da buhun shinkafa, suka cire huluna, suka durƙusa a bakin tabarma.

Fadilu ya dire butar shayi, ya sunkuyar da kai.

"Ashe haka Allah ya yi ikonsa," in ji Ajidan. "Malam Modu ya riga mu gidan gaskiya. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya yafe masa kurakuransa."

Malam Fannami ya buɗe baki zai yi magana. Malam Modu ya ɗora masa hannu a gwiwa, ya danne. Ya dubi ɗansa sau ɗaya, ya dubi kakin da ke jikin baƙin, nan take ya gane komai, ya kuma gane abin da zai sami yaron in ya ce ga ni.

Ajidan ya juyo gare shi cikin ladabi. "Baba, kai ne wa ga marigayin?"

Tsohon ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ƙaninsa ne ni."

"Allah ya ba ku haƙuri. A yi masa fatiha."

Malam Modu ya ɗaga hannuwansa tare da kowa. Aka roƙa masa hasken kabari yana cewa amin, aka roƙa masa sauƙin tambaya yana cewa amin. Aka shafa. Ya yi wa baƙi godiya, ya sa aka kawo musu ruwa, ya rako su har bakin mota. Da ƙurar motar ta kwanta sai ya juyo, bai ɗaga murya ba ko kaɗan.

"Shekara saba'in da ɗaya ban yi ƙarya ba, yau ka sa na yi ta a ƙofar gidana, a gaban sa'o'ina. Tunda ka binne ni, to ka bar ni in kwanta. Matacce ba ya magana."

Ya naɗe tabarmarsa ya shige.

Kwana biyar da suka rage wa Fadilu, ba irin roƙon da bai yi ba. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin tsohon da safe, ya durƙusa da yamma. Ya turo Yabawa, ya turo limamin unguwa. Malam Modu yakan wuce shi kamar yadda ake wuce turmi a tsakar gida. Buhun shinkafar ma ya sa aka fitar aka rabar, ya ce ba zai ci sadakar mutuwarsa ba. Ranar komawa Fadilu ya tafi tasha shi kaɗai.

Da ma abin ya tsaya a gida, da da sauƙi. Amma ina, Gure ce fa. Kafin Juma'a labari ya kai har Bune. 'Yan kasuwa, waɗanda ba su da aiki sai tsokana, suka laƙaba wa tsohon suna Marigayi. "Marigayi, auna min tiya biyu." "Marigayi, ya mutanen can?" Su a wajensu wasa ne. Shi kuwa ya yi sati uku yana haɗiyewa, sannan wata rana ya kife tiyarsa, ya koma gida, bai sake taka kasuwa ba.

A sansani, sojoji suka yi ta zuwa suna yi wa Fadilu gaisuwa, wasu da dabino, wasu da goro, yana karɓa yana cewa amin. Ɗan Kasuwa kaɗai ya san gaskiya, shi ma abin ya dame shi. "Wallahi ban san Ajidan zai je ba," yake ta cewa. "Ka bari, tsofaffi suna hucewa. In mun samu hutu ni da kaina zan je in kwanta a gabansa, in ce ni na sa ka." Bai samu zuwa ba. Wata huɗu bayan haka motar da yake ciki ta taka nakiya a hanyar ɗauko ruwa, abin da aka tattara nasa bai cika bargo ba. Fadilu yana cikin waɗanda suka tattara.

Daga nan ya zama wani iri. Ya rame, ya daina hira. Kowace la'asar yana kan tudu yana kiran Yabawa.

"Yaya, ki kai masa talho."

"Na kai, Fadilu. Ya juya baya."

"Ki ce masa kalma ɗaya kawai nake so."

"Na faɗa. Ka ƙara haƙuri."

Balkisa takan turo masa muryar Raihana tana gwalan-gwalan, ya saurara ya yi murmushi, sai murmushin ya gushe, don ya san da me ya sayi ganin yarinyar nan. Yana son 'yarsa kamar ransa, kuma wani lokaci ba ya iya kallon hotonta. Abin da ya fi tsorata shi ba harsashi ba ne. Tsoronsa ya mutu a bakin kogin nan ubansa yana fushi da shi, ko uban ya riga shi. Kowace fita sintiri sai ya ce a ransa, ya Allah ba yau ba, ba kafin ya yafe min ba.

Da rani ya yi nisa ruwan Komadugu ya ja baya har ana ƙetarewa da ƙafa. Lokacin ne hare-hare suke yawa, aka dakatar da hutun kowa. A cikin wannan hali Yabawa ta kira, ba sallama.

"Baba ya faɗi a bayan gida. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Mun kai shi likita sun ce mu koma gida da shi."

"Ki sa masa talho a kunne!"

Ta sa. Fadilu ya tsaya a kan tudu, sojoji kewaye da shi kowa na tasa hirar, ya ce, "Baba, ni ne Fadilu. Baba, na tuba. Ka yafe min don Allah." Abin da ya dawo masa sai numfashi, mai nauyi, yana shiga yana fita. Ya kasa gane ko numfashin mai yafewa ne ko na mai ƙi.

"Ka zo," in ji Yabawa. "Hannunsa na dama yana aiki. In an tambaye shi abu yakan matse hannun mutum. Jiya na ambaci sunanka hawaye ya zubo masa, amma bai matse nawa ba. Ina jin naka yake jira. Ka zo da sauri, Fadilu."

Ya gangaro daga tudun ya wuce kai tsaye rumfar Ajidan, ya ƙame, ya faɗi komai tun daga farko. Ajidan Sha'ibu ya miƙe tsaye.

"Tsohon nan mai farin gemu, wanda ya ce min ƙanin marigayi ne?"

"Shi ne babana, ranka ya daɗe."

"Ka bar ni na roƙa wa mutum hasken kabari yana zaune yana kallona?" Ya cire hularsa ya shafa kai. "Innalillahi. Kuma ya ce amin."

Ba mugun mutum ba ne Ajidan. Bai rubuta shi ba, bai kai shi kaso, wato kurkuku, ba. Har ya je wajen kapitan da kansa, ya dawo da yamma fuskarsa ba daɗi.

"Rashin lafiya ba ta fitar da kowa yanzu, ko uban wane ne. Rasuwa kaɗai. Kai kuma takardarka ta ce ubanka ya rasu tun bara, da sa hannuna a kai. In na ce ƙarya ce, kaso za ka, ba Gure ba. In Allah ya ɗauke shi gobe ma, ba ni da inda zan rubuta shi. Ba a mutuwa sau biyu a takarda, ɗana."

Fadilu ya yi tunanin gudu, ya yi shi sosai. Tafiyar yini guda ce a mota. Amma shingen bincike nawa ne tsakanin nan da Gure, kuma kowane shinge neman irinsa yake. In an kama shi bai ga uban ba, ya kuma bar Balkisa da goyo ba mai ciyar da su. Ga ramin gardinsa, in ya bar shi, mutum shida ne suke barci da amanar yana nan. Kullum yakan ce gobe zai yanke shawara. A haka kwana tara suka wuce.

A rana ta goma, da hantsi, yana kan gardi, rezo ya ɗan leƙo, talho ya yi motsi a aljihunsa. Bai iya dubawa ba sai da aka canje shi da azahar. Kafin ya hau tudu ya kira, har an kai tsohon maƙabarta an dawo.

Ba wanda ya yi masa gaisuwa a sansanin, don a wajensu an gama wannan tun bara, kuma ba shi da bakin faɗa. Ya ci shinkafarsa cikin mutane, wani yana ba da labarin ƙwallo ana dariya. Ajidan kaɗai ya zo ya tsaya kusa da shi, ya buɗe baki, sai ya rasa abin da zai ce wanda bai riga ya faɗa ba. Ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

Sai bayan wata bakwai, da kogi ya cika, aka ba shi hutunsa na ƙa'ida. Ya sauka a Gure, Raihana ta gan shi ta ruga bayan uwarta tana tsala ihu. Bai ko zauna ba. Ya tambayi Yabawa abu ɗaya: kafin tsohon ya cika, ya matse hannun wani a kan maganarsa? Yabawa 'yar ubanta ce, ba ta iya ƙarya ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kullum idonsa yana ƙofa. Iyakar abin da na gani ke nan."

Mata ba sa zuwa maƙabarta, sai ya je ya samo Malam Fannami, wanda yake cikin waɗanda suka saka gawar a rami. Tsohon ya dogara sanda suka fita bayan gari da la'asar. A shekarar an yi mace-mace da yawa, layin ya yi tsawo. Damina ta bi ta kan kaburburan ta daidaita su, iska ta kwashe ƙayar da aka ɗora, rairayi ya hau ya rufe sauran. Malam Fannami ya yi gaba, ya dawo baya, ya ƙirga daga wata aduwa, ya sake ƙirgawa. Idonsa ma ya yi rauni. Daga ƙarshe ya tsaya tsakanin wasu 'yan tudu biyu da ba su fi taki ɗaya a tsakaninsu ba.

"Ko wannan, ko wancan," ya ce. "Ka gafarce ni, ɗana. Ɗaya daga ciki dai shi ne."

Ya ja da baya ya ba shi wuri. Fadilu ya cire takalmansa, ya durƙusa a tsakiya. Ya kalli na dama, ya kalli na hagu. Maganar da ya yi shekara ɗaya da rabi yana shiryawa tana bakinsa.

"Baba," ya ce, "ni ne."

Sai ya rasa ɓangaren da zai juya.